Law & Order: ingancinsa ya kai yadda ake faɗa, kuma daga wane zango zan fara?

Wata ɗaliba da ke aji uku a sashen koyon aikin lauya ta aiko da wannan tambaya: "Barista, wani malaminmu yana yawan kawo misali da shirin nan na Amurka mai suna Law & Order. Da na duba sai na ga ya haura zango 20. Shin yana da ingancin da ake zuzutawa, ko daɗewa ce kawai ta ba shi suna? Daga ina zan fara, kuma zan ƙaru da wani abu a karatuna?"

Ƙanwata, kin taɓo abin da nake so. Na shafe shekaru ina shiga kotu kan ƙararrakin laifi, kuma shirin nan na bi shi tun daga zangon farko, wasu wuraren ma na maimaita su sau biyu sau uku. Yana da inganci ƙwarai, sai dai ingancin bai rabu daidai a kan shekarunsa ba. Akwai zangon da nake sa shi a sahun gaba na duk abin da aka taɓa yi a talabijin game da kotu, akwai kuma wanda ko kin tsallake shi ba ki yi asarar komai ba.

Tashar NBC ce ta fara nuna shi ranar 13 ga Satumban 1990, kuma Dick Wolf ne ya ƙirƙiro shi. Ki riƙe wannan shekarar a ranki. A 1990 ɗin aka kashe mutum 2,245 a birnin New York, inda labarin shirin yake faruwa, adadin da birnin bai taɓa gani ba, kafin nan ko bayan nan. Cikin wannan fargabar aka haifi shirin, kuma ana jin ta a zangon farko: titi da datti, ofishin 'yan sanda cike da takardu da hayaniyar tarho, kyamara a kafaɗa tana rawa kamar ta ɗan jarida. Ya yi zango 20 a jere, kashi 456, aka dakatar da shi a Mayun 2010, sannan aka dawo da shi a Fabrairun 2022. Yanzu ya haura kashi 500. A 1997 ya ci kyautar Emmy ta shirin da ya fi kowane a rukuninsa, kuma ya yi shekara 11 a jere yana shiga cikin 'yan takarar wannan kyauta.

Asirin daɗewarsa yana cikin ƙashin gininsa. Kowane kashi, in an cire talla, bai kai minti 50 ba, kuma an raba shi gida biyu. Ana buɗewa da wasu mutane da ba ruwansu da labarin, misali masu kwasar shara biyu suna gardama kan ƙwallo, sai su yi kiciɓis da gawa. Daga nan 'yan sandan ciki biyu su karɓa, su yi ta bin sawu har su kama wani. A tsakiyar kashin sai labarin ya koma hannun lauyoyin ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan, su kuma su yi ta fama har kotu. Tsakanin fage da fage allo yakan yi baƙi, a rubuta wuri da kwanan wata da farin rubutu, a ji wata 'yar ƙara mai bugu biyu da mawaƙi Mike Post ya haɗa. Shi ke nan. Ba a bin ɗan sanda gida a nuna miki rigimarsa da matarsa, ba a ɓata minti goma kan soyayyar lauya. Abin da za ki sani game da mutum, daga yadda yake aikinsa za ki san shi.

Ki lura da yadda suke yi wa shaida tambayoyi, don nan ne gwanintar marubutan take fitowa. Da wuya a zaunar da shi. Za a same shi yana sauke kwalayen kaya daga mota, ko tana shafa wa teburin gidan abinci tsumma, 'yan sanda na biye da shi suna tambaya, shi kuma yana amsawa hannunsa bai tsaya ba, don yana da maigida da ke jiransa. Cikin minti ɗaya da rabi kin san sana'arsa, kin san yana tsoron wani abu, kin kuma samu sunan mutumin da za a nema gaba. Da yake a titunan New York ake ɗaukar shirin, 'yan wasan dandamali na birnin ne suka riƙa fitowa a waɗannan ƙananan matsayi, mutanen da suka san aikinsu. Shi ya sa mai gadin da ya yi magana uku kacal yake zama a ran mai kallo.

Wannan tsarin ne ya sa shirin ya iya canza mutanensa ba tare da ya rushe ba. Zuwa zango na 11, a shekarar 2000, babu ko mutum ɗaya da ya rage daga cikin manyan 'yan wasan zangon farko, amma shirin yana nan daram. Kujeru shida ne: 'yan sanda biyu da shugabansu, lauyoyi biyu da shugabansu. Wani ya tashi, wani ya zauna. A 1993, da tashar ta matsa cewa a sa 'yan wasa mata, sai S. Epatha Merkerson ta karɓi kujerar shugabar 'yan sanda a matsayin Anita Van Buren, ta zauna a kai shekara 17. Jerry Orbach ya shigo a 1992 a matsayin Lennie Briscoe, tsohon ɗan sanda da ya yi fama da shan giya ya daina, aure biyu ya mutu masa, ya ga gawa har ya gaji da gani amma tausayi bai bar zuciyarsa ba. Ya yi shekara 12, ya bar shirin a 2004, a ƙarshen wannan shekarar kuma ya rasu. Har gobe ban ga wanda ya cike gurbinsa ba.

Amma tsari kaɗai ba ya isa. Abin da ya ɗaga shirin sama da sauran shirye-shiryen 'yan sanda shi ne rabinsa na biyu, kuma a cikin rabin na biyun ma, gardamar da ake yi a ofis kafin a je kotu. A shekarunsa na ƙarfi, kama mai laifi somin-taɓi ne. Tambayar gaskiya takan zo daga baya: mun san shi ya aikata, amma doka ta ba mu damar tabbatarwa? In ta ba mu, daidai ne mu yi? Kashin farko da aka nuna ma haka yake. Wata budurwa ce ta mutu a sashen gaggawa na asibiti, mahaifinta ya ƙi yarda da bayanin da aka yi masa, bincike ya kai ga babban likita mai suna da daraja wanda yake aiki cikin maye. An ɗauko tushen labarin ne daga mutuwar Libby Zion a 1984, wadda ta jawo aka taƙaita awoyin aikin likitoci masu neman ƙwarewa a jihar New York. Tun ranar farko ke nan shirin ya nuna cewa daga kanun jaridu zai riƙa ɗauko labari, ya sauya sunaye, ya karkatar da shi zuwa wata tambaya ta shari'a.

Lauyan farko, Ben Stone, wanda Michael Moriarty ya fito a matsayinsa, mutum ne mai sanyin murya da taurin aƙida. A ƙarshen zango na 4 ya matsa wa wata mata lamba ta ba da shaida kan 'yan dabar Rasha, ta bayar, aka kashe ta. Ya ci shari'ar, ya ajiye aiki. Bayansa Sam Waterston ya shigo a 1994 a matsayin Jack McCoy, wanda shi kuma zafi ne da shi, yana son nasara har yakan taka layi. A samansu duka akwai dattijo Adam Schiff, wanda Steven Hill ya riƙe shekara 10, kuma an daɗe ana cewa an gina shi ne a kan Robert Morgenthau, mutumin da ya shugabanci wannan ofis na gaske daga 1975 zuwa 2009. Schiff ba ya dogon magana. Zai saurari lauyoyinsa suna ta kumfar baki, ya tambaye su shaidar da ke hannunsu, in ya ga ba ta da ƙarfi ya ce su je su sasanta. Kujerarsa ta zaɓe ce, don haka yana auna doka, yana auna jarida, yana auna ƙuri'a, kuma shirin bai ɓoye wannan ba.

Bari in nuna miki wuri biyu da nake ganin shirin ya kai ƙololuwa, don suna haɗe da juna. A kashin ƙarshe na zango na 6, a 1996, aka karya tsarin gaba ɗaya. Babu gawa, babu bincike, babu kotu. Mutum huɗu daga cikinsu sun je sun kalli yadda aka zartar da hukuncin kisa kan wani da su suka kama shi suka gurfanar, sai aka bi kowannensu a ga yadda ya ƙarasa ranar. McCoy ya shiga mashaya yana ba baƙi labarin mahaifinsa, ɗan sanda mai dukan iyalinsa. Briscoe, bayan shekaru da daina sha, ya koma. Matashiyar lauya Claire Kincaid, wadda dama zuciyarta ba ta kwanta da hukuncin kisa ba har tana tunanin barin aikin, ita ta ɗauko Briscoe a mota za ta kai shi gida, wani direba da ya bugu ya banke su, ta mutu. Saboda an yi shekara shida ba a buɗe mana rayuwarsu ba, ranar da aka buɗe sai abin ya yi nauyi. (A zahiri jihar New York ta dawo da hukuncin kisa a 1995, babbar kotunta ta soke dokar a 2004, kuma ba a kashe kowa a ƙarƙashinta ba. Wannan fagen ƙirƙira ce ta marubuta.)

Bayan shekara biyu, a zango na 8, aka kawo wa McCoy ƙarar wani mutum da ya take mutane da mota ya kashe su. Akwai wata shaida da bayaninta ke nuna cewa mutumin a buge yake ƙwarai, wanda a doka zai sauko da laifin daga kisan ganganci zuwa abin da bai kai shi ba. McCoy ya ɓoye bayanin. Tun shari'ar Brady ta 1963, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa mai gabatar da ƙara ya miƙa wa ɓangaren wanda ake tuhuma duk shaidar da za ta amfane shi, kuma McCoy ya san haka sarai. Ba a fito an yi mana huɗuba cewa mutuwar Claire ce ke cin sa ba, mai kallon da ya biyo shirin ya gane da kansa. Mataimakiyarsa ta ja shi da faɗa. Sai a tsakiyar zaman kotu ya dawo hayyacinsa ya fito da takardar, daga baya kuma ya tsaya gaban kwamitin ladabtarwa. Duk lauyan da ya taɓa riƙe fayil ya san wannan jarrabawar, ranar da ka tabbata a ranka mutum mugu ne amma takarda ɗaya a cikin fayil ɗinka za ta sassauta masa. Shirin da zai nuna jaruminsa yana faɗawa wannan rami, shi nake kira mai inganci.

Daga farkon shekarun 2000 abin ya fara sanyi. Schiff ya tafi, Briscoe ya tafi, aka yi ta canza mataimakan lauya da sauri har mai kallo ba ya sabawa da kowa. Ɗauko labari daga jarida ya koma kwafe shi kusan yadda yake, ta yadda daga minti biyar na farko kin san wane sanannen mutum ake nufi. Aka kuma kamu da son juyin ba-zata a ƙarshe, a ce ashe matar ce, ashe ɗan ne, ko da hakan bai fito daga cikin shari'ar ba. Fred Thompson, tsohon sanata daga Tennessee wanda ya zauna kujerar Schiff daga 2002 har ya bari a 2007 don neman takarar shugaban ƙasa, yana da kwarjini, amma gardamar ofis ta koma ta mai ra'ayin riƙau da mai sassauci, kowa kin san abin da zai ce tun bai buɗe baki ba. Dick Wolf kuma a lokacin ya raba hankalinsa, ga Special Victims Unit tun 1999, ga Criminal Intent tun 2001, wasu shirye-shirye biyu da suka tsiro daga wannan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, don sun riga sun daina kallo, shi ne zango na 18 zuwa na 20 sun farfaɗo sosai. An ɗaga McCoy zuwa kujerar shugaban ofis, aka kawo Linus Roache a matsayin Michael Cutter, matashin da yake taka layi irin yadda McCoy ya saba. Ganin McCoy yana tsawatar wa wani kan laifin da shi ma ya sha yi ya dawo wa shirin da gishirinsa. An dakatar da shi yana kan ƙafarsa.

Dawowar 2022 kuwa, gaskiya ba ta gamsar da ni ba. Hoton ya yi tsaf, haske ya yi yawa, birnin ya daina kama da inda mutane ke gumi. Shirin ya dawo bayan kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a 2020, lokacin da Amurkawa da dama suka fara tuhumar yadda talabijin ke wanke 'yan sanda, kuma marubutan sun so su amsa wannan. Niyyar mai kyau ce. Amma hanyar da suka bi ita ce su sa 'yan sanda biyu su tsaya a bakin titi kowa ya karanto matsayarsa kan wariyar launin fata, sannan a ci gaba da labari kamar ba a yi ba. A da, irin wannan batu yana cikin shari'ar kanta, shi ke juya hukunci. Hugh Dancy ɗan wasa ne mai kyau, amma lauyan da aka rubuta masa ba a ba shi ƙashi ba. Sam Waterston ma ya yi sallama a Fabrairun 2024, bayan kashi sama da 400.

Yanzu batun karatunki, kuma nan nake so ki buɗe kunne. Za ki ƙaru, amma shirin yana da ƙarya guda uku da ko a shekarunsa na ƙarfi bai rabu da su ba. A cikinsa kusan kowace ƙara tana kaiwa gaban mutum 12 da ake zaɓowa daga jama'a su yanke hukunci. A Amurka ta gaske, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi ba a yi musu cikakkiyar shari'a ba, amsa laifi suka yi don a sassauta musu, sau da yawa talakawa ne da ba su da kuɗin beli. Sannan 'yan sandan shirin, ko sun yi kuskure a farko, kusan kullum suna ƙarewa da mutumin da ya aikata. Birnin da ake ba da labarinsa shi ne inda aka ɗaure yara biyar kan fyaɗen da aka yi a dandalin Central Park a 1989, bisa amsa laifin da aka tatsa daga bakinsu, sai a 2002 aka soke hukuncin bayan wanda ya aikata ya fito kuma gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar. Na ukun shi ya fi yi mini ciwo a matsayina na wanda ya sha tsayawa ɓangaren wanda ake tuhuma: lauyan kariya yakan fito kamar mai neman dabarar kuɓutar da mugu. Idan alƙali ya yi watsi da bindigar da aka samo ba da takardar izinin bincike ba, an shirya fagen ne yadda za ki ji haushin alƙalin. Alhali wannan ƙa'idar ita ce ke hana a fasa ƙofar gidan kowa da tsakar dare.

Lokaci ma haka. A allo, daga kamu zuwa hukunci kamar mako uku ne. Na taɓa riƙe ƙarar wani saurayi da ya shafe sama da shekara biyu a tsare ana ɗage zama, yau ɗan sandan da ya yi bincike an canza masa wurin aiki, gobe motar gidan yari ba mai. Mahaifiyarsa tana zuwa kowane zama da abinci a kwano, ta zauna a benci na baya, a ɗage, ta koma da shi. Wannan jiran shi ne mafi yawan abin da ake kira shari'ar laifi, a can da nan, kuma ba ya shiga minti 45.

Kada kuma ki kwashi dokar New York ki kai ɗakin jarrabawa. Kotunanmu na Najeriya ba su da waɗancan mutum 12, alƙali ne ke auna shaida ya kuma yanke hukunci, don haka jawabin rufewa mai motsa zuciya da McCoy ke yi ba zai yi miki aiki ba kamar hujja a rubuce. Gargaɗin da 'yan sandansu ke karanta wa wanda suka kama ya samo asali ne daga shari'ar Miranda ta 1966. Namu 'yancin yin shiru har sai an ga lauya yana sashe na 35(2) na kundin tsarin mulkin 1999. Amsa laifi don sassauci yana sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da nasa sharuɗɗan. Babban bambancin kuwa yana kan shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya. A can, tun shari'ar Mapp ta 1961, asali shi ne a jefar da ita. A wurinmu sashe na 14 da na 15 na dokar shaida ta 2011 sun ce ana karɓarta, sai in kotu ta auna ta ga illar karɓar ta rinjayi amfaninta.

Shawarata ki fara daga zango na 3, inda Briscoe ya shigo, ki tafi a jere har na 10. In ya kama ki, ki koma na 1 da na 2, sannan ki tsallaka zuwa na 18. Ba dole sai kin bi su a jere ba, kowane kashi yana tsaye da ƙafarsa, in ban da waɗancan biyun da na ba ki labari. Special Victims Unit kuwa, wanda Mariska Hargitay ke jagoranta kuma ya zarce uwarsa tsawon zango, wani abu ne daban: laifukan fyaɗe da cin zarafin yara yake bi, ya fi karkata ga zuciyar 'yan sandan fiye da kotu, kuma ba na kallo ba ne a falo da ƙanne.

In kina kallo, duk inda lauyan kariya ya miƙa takardar neman a cire wata shaida, ki tsayar da shirin kafin alƙali ya yi magana. Ki ɗauki biro ki rubuta hujjar kowane ɓangare a layi uku-uku, ki buɗe sashe na 15 ki duba abubuwan da aka ce kotu ta auna, ki rubuta abin da alƙalin babbar kotun jiharku zai yanke in a gabansa aka kawo, sannan ki saki shirin ki ji na New York.